Zaɓen Kwas A Jami'a: Kowa Ya Ɗauki Kayan Da Wuyansa Zai Iya

A duk shekara idan hukumar JAMB ta buɗe sayar da fom, akwai wata muhawara da kan ɓarke a gidaje da yawa, wadda ba a cika jin ta a rediyo ko a gan ta a jarida ba, alhali kuwa ita ce ke yanke wa dubban matasa makomarsu. Uba ya ce likita, uwa ta ce lauya, kawu ya ce injiniya, shi kuwa yaron da zai zauna a aji shekara huɗu ko shida yana tsugune a gefe, ba wanda ya nemi jin ta bakinsa. Daga ƙarshe sai a ɗunguma zuwa cibiyar rajista, wani ma'aikaci da ke zaune gaban kwamfuta, wanda bai taɓa ganin sakamakon yaron ba, ya ɗaga kai ya ce wane kwas za a sa, a cikin minti biyu a gama abin da ya kamata a ce an yi watanni ana shawara a kansa.

Kuma ba a nan abin ya tsaya ba. Ko bayan an samu gurbin, an yi murna, an kai yaro makaranta da katifa da buhun gari, a farkon kowane zango akwai wani zaɓen da ke jiran sa, wato na darussan da zai yi wa rajista. Ɗalibai kan kira duka biyun da sunan kwas, amma gara a rarrabe. Na farko shi ne babban zaɓe, zaɓen fannin da mutum zai yi digiri a kai. Na biyu shi ne ƙaramin zaɓe, wanda ake maimaitawa sau biyu a shekara. Na farkon iyaye sun ƙwace shi, na biyun kuwa an bar wa abokai da jita-jitar ɗakin kwana. A tsakanin waɗannan kura-kurai biyu ne ake asarar yara masu ƙwaƙwalwa, waɗanda da an bi da su ta hanyar da ta dace, da al'umma ta ci moriyarsu.

Alal haƙiƙa ma'aunin zaɓen ba wani boyayyen abu ba ne. Abu uku ne za a ɗora a sikeli: shin ɗalibin yana sha'awar abin, shin yana da ƙarfin ɗaukarsa, sannan shin abin zai amfane shi ya amfani jama'a. Duk kwas ɗin da ya rasa ɗaya daga cikin ukun nan, to, murhu ne mai duwatsu biyu, ko an ɗora tukunya sai ta kife.

A fara da babban zaɓen. Tun da aka kafa JAMB a 1978, ita ce ƙofar shiga jami'a a Nijeriya, kuma a 2010 aka mayar da jarrabawar guda ɗaya, wato UTME, ga masu neman jami'a da kwalejin kimiyya da fasaha da kwalejin ilimi. Darussa huɗu ake rubutawa, Turanci dole ne, jimillar maki 400. Abin da iyaye da yawa ba su sani ba shi ne, kowane fanni yana da darussan da aka gindaya masa. Mai son likitanci sai ya haɗa Turanci da Bayoloji da Kemistiri da Fizis. Mai son injiniya sai ya haɗa Turanci da Lissafi da Fizis da Kemistiri. Mai son shari'a, a jami'o'i da dama, sai da Adabin Turanci. Wanda ya kuskure haɗin nan, ko ya ci maki 300 bai tsinana komai ba, domin ba za a ko duba sunansa a wannan fannin ba. Haka nan sai an duba sakamakon WAEC ko NECO, a ga kiredit biyar a darussan da suka dace. Duk wannan yana rubuce a kundin da hukumar ke fitarwa, wanda ake iya dubawa kyauta a intanet, amma gidaje nawa ne ake buɗe shi kafin a je rajista?

Sai kuma batun yawan masu nema. A shekarar 2024 sama da mutum miliyan 1.9 ne suka zauna jarrabawar UTME, kuma fiye da kashi 70 cikin 100 ba su kai maki 200 ba. Ga shi kuma fannonin da kowa ke rububi a kansu ba a ɗiban mutane yadda aka ga dama. Hukumar kula da aikin likita da haƙori ta ƙasa, MDCN, ita ke ƙayyade wa kowace makarantar likitanci adadin da za ta ɗauka, gwargwadon malamanta da gadajen asibitin koyarwarta. Haka majalisar kula da ilimin lauyoyi ke ƙayyade wa tsangayoyin shari'a. Ke nan idan mutum dubu biyar suka nemi gurbin da ba ya ɗaukar fiye da ɗari biyu, ba addu'ar iyaye kaɗai ba, ko wasiƙar babban mutum ba za ta faɗaɗa ajin ba. Abin da kan biyo baya sananne ne: ko dai yaro ya zauna a gida yana maimaita jarrabawa shekara biyu, uku, har huɗu, ko kuma jami'a ta tura shi wani sashen da bai nema ba, ya karɓa da ɓacin rai, ya shiga aji yana ganin kansa kamar wanda aka kai gidan kaso.

To, abin tambaya a nan shi ne, wa ya ce albarka tana cikin fannoni uku kacal? A Samaru ta Zariya akwai cibiyar binciken aikin gona ta Jami'ar Ahmadu Bello, wadda ta fitar da irin masara da dawa da wake da gyaɗa da manoman Arewa ke shukawa, irin waɗanda sunansu ke farawa da SAMMAZ da SAMSORG da SAMPEA da SAMNUT. A Shika akwai cibiyar binciken dabbobi da ta samar da kazar nan mai ƙwai da ake kira Shika Brown. Waɗanda suka yi wannan aiki ba likitocin asibiti ba ne, ba kuma lauyoyi ba ne, mutane ne da suka karanta aikin gona, fannin da yau idan aka bai wa yaro sai a yi ta yi masa jaje. Marigayi Umaru Musa 'Yar'aduwa digirin koyarwa da Kemistiri ya yi a Zariya, ya kuma riƙe alli ya koyar, kafin ya zama Gwamnan Katsina a 1999, ya zama Shugaban Ƙasa a 2007. Marubucin nan Chinua Achebe kuwa, da ya shiga Kwalejin Jami'a ta Ibadan a 1948, likitanci aka ɗauke shi ya karanta, har da tallafin karatu. Bayan shekara guda ya gane ba nan zuciyarsa take ba, ya koma Turanci da Tarihi da ilimin addini, ya rasa tallafin saboda wannan sauyi. Shekara goma bayan shigarsa ya fitar da littafin da aka fassara zuwa harsuna sama da 50. Da ya dage a kan abin da ba ya so, wataƙila da an samu likita guda cikin dubbai, an rasa marubucin da duniya ta sani.

Ba ana nufin a yi watsi da maganar iyaye ba ne. Su ke biyan kuɗin, su suka ga jiya suka ga yau, kuma abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango shi ba. Tsoron da suke ji na kada ɗansu ya gama digiri ya dawo yana zaman kashe wando, tsoro ne na gaskiya. Sai dai akwai bambanci tsakanin shawara da tilas. Uban da ya ga sakamakon ɗansa shekara uku a jere Lissafi da Fizis da ƙyar yake haye su, amma Tarihi da Adabi yana cinye su kamar tuwo, sannan ya ce lallai sai injiniya, ba ɗansa yake nema wa makoma ba, suna yake nema wa kansa a majalisar unguwa. Likitanci shekara shida ne, injiniya da shari'a da aikin gona biyar-biyar, kuma lauya sai ya ƙara da makarantar horar da lauyoyi. A makarantar likitanci maki 50 ne mafi ƙarancin ci, kuma wanda ya yi ta faɗuwa a manyan jarrabawoyinsu, ƙarshenta sallamarsa ake yi ko a mayar da shi wani sashen. Sau nawa aka ga wanda ya shafe shekara uku ana kiran sa dakta a gida, daga baya ya dawo ya fara daga tushe a wani fannin, ƙannensa sun riga shi gamawa? Wannan asarar kuɗi ce, asarar shekaru ce, kuma mafi muni, karyewar zuciya ce da wasu ba sa farfaɗowa daga gare ta.

Haka nan shi ma ɗalibin ba a ce ya bi son ransa ido rufe ba. Sha'awa daban, burgewa daban. Wanda ya ga likita da farar riga da abin sauraron ƙirji a wuya ya ji yana so, burgewa ce. Mai sha'awa shi ne wanda zai zauna da littafin fannin awa biyu ba wanda ya sa shi, ya tashi da tambayoyi a ransa. Hanya mafi sauƙi ta gane wannan ita ce a je a gani. Kafin a cike fom, yaro ya samu wanda ke aji uku ko huɗu a fannin, ya karɓi littattafansa da tambayoyin jarrabawar baya ya duba. Ya samu wanda ya gama yana aiki, ya tambaye shi yadda yininsa ke kasancewa daga safe zuwa yamma. Tambaya ba ta ɓatar da mai ita, kuma ba a fafe gora ranar tafiya.

Yanzu sai ƙaramin zaɓen, wanda a gaskiya shi ya fi kayar da ɗalibai, domin ba wanda ke yi musu bayaninsa. Jami'o'in Nijeriya suna bin tsarin yunit ne, wanda hukumar kula da jami'o'i ta ƙasa, NUC, ta shimfiɗa. Yunit ɗaya yana nufin awa ɗaya ta lacca a kowane mako har tsawon zango, ko kuma awa uku a ɗakin gwaje-gwaje. Ƙa'idar da aka saba da ita ita ce ɗalibi kada ya yi rajistar ƙasa da yunit 15, kada kuma ya wuce 24 a zango guda. Kwasa-kwasan kuma iri-iri ne. Akwai na dole, waɗanda ba a ba da digiri sai an ci su. Akwai na gama-gari da kowa ke yi, irin su Turanci da sanin al'ummomin Nijeriya da al'adunsu da koyon dogaro da kai ta hanyar sana'a. Akwai na share fage, waɗanda sai an ci su ake barin mutum ya ɗauki na gaba da su. Sannan akwai na zaɓi, inda aka sakar wa ɗalibi mara ya ɗauki abin da ya ga dama daga cikin jerin da aka ba shi. A watan Disamba na 2022 NUC ta ƙaddamar da sabon kundin manhaja, CCMAS, wanda ya tanadi kashi 70 cikin 100 na abin da za a koyar, ya bar wa kowace jami'a kashi 30 ta tsara gwargwadon buƙatar muhallinta, ya kuma sa yunit 120 a matsayin mafi ƙarancin abin da za a ci kafin a samu digirin shekara huɗu.

Yadda ake lissafin sakamako shi ne abin da ya wajaba kowane ɗalibi da kowane uba ya sani kamar yadda ya san kuɗin aljihunsa. A galibin jami'o'i, maki 70 zuwa sama shi ne A, yana da daraja 5. Daga 60 zuwa 69 B ne, daraja 4. Daga 50 zuwa 59 C ne, daraja 3. Daga 45 zuwa 49 D ne, daraja 2. Daga 40 zuwa 44 E ne, daraja 1. Abin da ya gaza 40 kuwa F ne, ba shi da komai. Sai a ninka darajar da yawan yunit ɗin kwas, a tara duka, a raba da jimillar yunit ɗin da aka yi wa rajista. Abin da ya fito shi ne matsakaicin makin da ɗalibai ke kira CGPA. Mai 4.50 zuwa 5.00 shi ke fita da daraja ta ɗaya, 3.50 zuwa 4.49 daraja ta biyu babba, 2.40 zuwa 3.49 daraja ta biyu ƙarama, 1.50 zuwa 2.39 daraja ta uku.

Mai karatu ya ɗauki alƙalami ya gwada wannan misali. Ɗalibai biyu, ƙoƙarinsu ɗaya. Na farko ya yi rajistar yunit 18, ya samu B a duka, jimillarsa 72, a raba da 18, ya tashi da 4.00. Na biyu ya ce shi jarumi ne, ya cika yunit 24, ya samu B a yunit 18 kamar ɗan'uwansa, amma lokaci ya ƙure masa ya faɗi kwas biyu masu yunit uku-uku. Jimillarsa shi ma 72 ce, sai dai da 24 za a raba, ya tashi da 3.00. Ga shi sun san abu ɗaya, amma ɗaya yana sahun daraja ta biyu babba, ɗayan ya gangara ƙarama. Kuma wahalar ba ta ƙare ba, domin kwasa-kwasan nan biyu sun zama abin da ɗalibai ke kira kari-oba, wato bashi ne da zai biyo shi baɗi. Su zai fara sawa a fom kafin na sabon aji, su cinye masa yunit 6 daga cikin 24 ɗinsa, lokacin laccarsu ya yi ta karo da na ajinsa, kuma a galibin jami'o'i ko ya ci su daga baya, sifilin farko yana nan cikin lissafi. Kwaɗayi mabuɗin wahala ke nan.

Ga wani lissafin da ya fi wannan tayar da hankali. A ɗauka digiri ne na shekara huɗu, kowace shekara yunit 30. Ɗalibi ya shigo aji ɗaya, ya ga ba mai tashinsa da asuba, ba mai duba littafinsa, ya shagala da yawon ɗakuna da siyasar ɗalibai da latsa waya, ya gama shekarar da 2.00. Don ya fita da daraja ta biyu babba, sai ya riƙe matsakaicin 4.00 a duk shekaru ukun da suka rage, ba tuntuɓe ko sau ɗaya. Daraja ta ɗaya kuwa ta riga ta kuɓuce masa har abada, domin ko da A zai samu a kowane kwas daga nan har ya gama, ba zai wuce 4.25 ba. Wato shekarar da yara suka ɗauka ta shan iska ce, ita ce ginshiƙin ginin gaba ɗaya. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Wanda matsakaicin makinsa ya faɗi ƙasa da abin da jami'arsa ta gindaya, akan sa shi a matakin gargaɗi, idan bai gyara ba a sallame shi. Haka nan akwai iyakar shekarun da aka yarda mutum ya yi, wanda ga digirin shekara huɗu galibi shida ne. A haɗa wannan da yajin aikin malaman jami'a, irin na 2020 da ya ci kusan wata tara, da na 2022 da ya fara a Fabrairu bai ƙare ba sai Oktoba, sai a ga yadda shekaru ke zurarewa. Wanda ya haura shekara 30 kafin ya gama ba ya zuwa hidimar ƙasa, takardar yafewa ake ba shi, kuma ma'aikatu da yawa suna sa iyakar shekaru da darajar digiri a tallar ɗaukar aiki. Don haka maganar yunit uku da aka ƙara ba bisa lissafi ba tana iya zama maganar shekara guda ta rayuwar mutum.

To amma kada a fahimci cewa mafita ita ce gudun wahala. Akwai wata cutar da ta fi ɗaukar kaya da yawa yaɗuwa, ita ce farautar kwas mai arha. Da an buɗe rajista sai ka ji, ko kuwa a ce sai a ji, tambaya ɗaya ke yawo a bakin ɗalibai: wane malami ne ke ba da maki? Ba a tambayar me ake koyarwa, ba a tambayar me zai ƙara wa mutum. Sai a ga ɗaruruwa sun yi dafifi a kwas guda don an ce malamin ba ya kayarwa, ko an ce tambayoyinsa ba sa canzawa, ko an ce wanda ya sayi takardunsa ya haye. Aji ya cika har waje, na baya ba ya jin abin da ake faɗa, a haddace a zubar a takarda, bayan mako biyu ko sunan kwas ɗin ba a tunawa. Irin wannan ɗalibi yana iya fita da sakamako mai kyau, amma ranar da aka zaunar da shi gaban masu tantancewa aka ce ya rubuta wasiƙa shafi guda, ko ya yi bayanin abin da ya karanta, sai gumi ya karyo. Ya cuci iyayensa da suka sayar da amfanin gona suka biya, ya cuci jama'ar da za a damƙa masa amanarsu gobe, amma kafin kowa kansa ya cuta. Kuma jita-jitar ma ba ta da tabbas, domin ana canza malami, kuma abin da ya zo wa wani da sauƙi yana iya zame wa wani dutse.

Kwas na zaɓi dama ce da ba a samun irinta sau biyu. A nan ne mai karanta aikin gona zai ɗauki wani abu na lissafin kuɗi ko kasuwanci, don gobe ya san yadda zai fitar da riba da faɗuwa a gonarsa. A nan ne mai karanta Hausa ko Larabci zai leƙa sashen aikin jarida ko na kwamfuta, don fassara da rubutu sun zama sana'a mai ci. A nan ne mai karanta kimiyyar siyasa ko zamantakewa zai daure ya koyi ƙididdiga, wadda ba a yin bincike sai da ita. Kwas ɗaya irin wannan, ko da C aka samu a cikinsa, wani lokaci ya fi A uku da aka tsinta a banza.

Saboda haka abin da ya kamaci ɗalibi a farkon kowane zango a fili yake. Ya fara da mallakar littafin jagora na sashensa, ya karanta shi da kansa, ya san yunit nawa ake buƙata kafin ya gama, waɗanne ne na dole, wanne ne ke buɗe ƙofar wanne. Ya fara sa bashin da ke kansa da kwasa-kwasan dole, sannan ya duba abin da ya rage. Ya gauraya masu nauyi da marasa nauyi, kada ya tara masu lissafi da masu aikin ɗakin gwaji duk a zango guda idan yana da zaɓi, domin kwas mai yunit ɗaya na gwaje-gwaje yana cin awa uku, ban da rubuta rahoto. Ya duba jadawali kada laccoci su yi karo, don jami'o'i da yawa suna sharɗanta halartar kashi 75 cikin 100 kafin a shiga jarrabawa, kuma kashi 30 ko 40 na maki daga gwaji da aikin gida yake fitowa. Ya halarci laccar farko da ta biyu kafin wa'adin ƙari da ragi ya wuce, idan ya ga abin ya fi ƙarfinsa ya cire shi a hukumance, domin kwas ɗin da aka yi wa rajista aka ƙi zama jarrabawarsa, F ne ke jiran mai shi. Sannan ya yi wa kansa adalci game da halin da yake ciki. Wanda ke tsaron shago da yamma don ya biya kuɗin makaranta, da matar aure mai goyo da girki, da wanda ke shiga mota biyu kafin ya iso aji, ba daidai suke da wanda ke kwana a cikin makaranta ba abin da ya dame shi sai karatu ba. Ba abin kunya ba ne mutum ya ɗauki 18 ya sauke lafiya, abin kunya shi ne ya ɗauki 24 ya zube a hanya.

Su ma jami'o'i akwai hakki a wuyansu. Kusan kowane sashe yana da malamin da aka ɗora wa kula da kowane aji, wanda sai ya sa hannu fom ɗin rajista ke inganta. Manufar ita ce ya zauna da ɗalibi, ya duba sakamakonsa na baya, ya ce masa wannan ya yi maka yawa, wancan zai amfane ka. Amma inda malami ɗaya ke riƙe da ɗalibai ɗari uku ko huɗu, ga koyarwa, ga duban takardu, ga nasa binciken, aikin ya koma sa hannu kawai. Ya kamata a raba wannan nauyi, a ware makon farko don ba da shawara ta haƙiƙa, a kuma riƙa fitar da sakamakon zangon baya kafin a rufe rajistar na gaba, domin zalunci ne a ce ɗalibi ya zaɓi kaya alhali bai san bashin da ke kansa ba. Makarantun sakandare su ma su farfaɗo da ofishin ba da shawara, tun daga lokacin da ake raba yara zuwa ajin kimiyya da na adabi da na kasuwanci, don a nan ne ake fara karkacewa. Ƙungiyoyin ɗalibai na jihohi da na ƙananan hukumomi, maimakon su ƙare a bikin karɓar sababbi da rabon kalanda, su haɗa kowane sabon shiga da wani na gaba da shi mai hankali a sashensa.

Wanda kuma aka riga aka tura shi fannin da bai nema ba, kada ya yanke ƙauna, kada kuma ya yi fushi da karatun. Tun da aka kawo tsarin CAPS a 2017, ba a tabbatar wa mutum gurbi sai ya amince da kansa, don haka ya yi tunani kafin ya danna. Idan ya karɓa, to ya riƙe da hannu biyu. Jami'o'i da dama suna ba da damar sauya sashe bayan shekarar farko, amma ga wanda sakamakonsa ya yi kyau, ba ga wanda ya yi zuciya ya watsar ba. Da yawa kuma sun shiga fanni da hawaye, suka fita suna gode wa Allah da bai ba su abin da suka nema da farko ba.

A ƙarshe, ƙasar nan ba ta rasa masu takardar digiri ba, abin da ta rasa shi ne waɗanda suka san abin da takardar ta ce sun sani. Ba kuwa za a same su ba sai ranar da uba ya zaunar da ɗansa ya tambaye shi kafin ya yanke, malami ya duba fom kafin ya sa hannu, shi kuma ɗalibi ya auna wuyansa kafin ya ce a ɗora masa. Allah Ya sa a gane, Ya kuma yi wa karatun yara albarka.